Tsohon da Ke Bayan Filawud

A shekarata ta huɗu a Guangzhou na kama hayar ƙasan wani tsohon bene a tsohuwar unguwa, irin layin nan da benaye ke miƙo ƙirji kan hanya, mutum ya yi ta tafiya a ƙarƙashinsu ruwan sama bai taɓa shi ba. Ni ejan kaya ne. 'Yan kasuwarmu na Kano su sayi riguna a kasuwar Shahe, su sayi wandunan jins a Xintang, su jibge mini, ni kuma in ɗaure, in cika kwantena, in tura tashar jiragen ruwa ta Nansha. Sito nake nema mai faɗi da babbar ƙofa, na kuwa samu. A jikin ginshiƙin ƙofar akwai wani ɗan allon ƙarfe mai rubutun Sinanci. Tun ranar farko na gan shi, na ɗauka lambar gida ce. Ban tambayi kowa ba, don a lokacin gani nake na gama sanin gari.

Mai gidan wata tsohuwa ce 'yar firit, mai tafiya da sanda. Muna ce mata Mama, ita kuma tana ce mini Lauban, wato maigida, kamar yadda ake ce wa duk mai shago a can. Ba a gidan take kwana ba. Tana zaune wurin 'yarta a ƙetaren kogi, saman benen kuma a kulle yake da tsofaffin kayanta. 'Yar tana jin Turanci, ita ce tafintarmu. Lokaci-lokaci Mama takan zo da ledar lemo, ta ajiye mini a tebur, ta ratsa tsakanin diloli har ƙuryar sito, ta ɗan tsaya, sannan ta fito. Ni ina zaton tsagar bango take dubawa, irin ta masu gidan haya.

Bangon ƙuryar nan yana yamma, kuma shi ne alƙiblarmu, don daga can yamma ake fuskanta. A jikinsa, daga daidai ƙirjin mutum zuwa sama, akwai zane mai tudu da aka yi da farar ƙasa, kamar aikin da maginanmu ke yi a goshin zaure, sai dai wannan ya fi siriri. Bishiya ce da tsuntsaye biyu, da wani tsoho zaune a gindinta riƙe da butar shayi. An yi masa fuska sosai, har da ƙasusuwan kumatu, da wani karkataccen murmushi irin na wanda aka gaya wa farashin ƙarya ya gane.

Ba wanda ya shirya sitona ya zama masallaci. Mutane suna kawo kaya azahar ta riske su, akwai famfo a baya, akwai fili, sai a shimfiɗa kwali. Sannu a hankali har waɗanda ba su da kaya a wurina suka riƙa zuwa. Ni dai ban taɓa son tsohon nan a gabanmu ba. Kullum nakan sa a jera diloli a gabansa har su rufe masa fuska, ranar da aka yi lodi sito ya zama wayam kuma in ɗaura igiya in rataya labule.

Wata la'asar, cikin sanyi, wani malami ya zo daga gida rakiyar ƙaninsa sayayya. Muka girmama shi muka ce ya ja mu. Yana shiga gaba igiyar ta saki, labule ya zube, ga tsoho yana masa murmushi. Malam ya juyo ya dube ni.

"Alhaji, a gaban wannan kuke salla?"

"Allah gafarta Malam, rufe shi muke yi, igiya ce ta tsinke."

"To, Allah ya kyauta," in ji shi. Ya ɗauki takalmansa ya koma wajen ƙofa ya yi tasa shi kaɗai.

Ban ga laifinsa ba. Amma ni abin ya tsaya mini a rai, don a gaban mutanen da ke ba ni amanar kayansu aka yi. Na san kafin mako ya zagayo maganar ta isa kasuwar Kwari a Kano, an ƙara mata gishiri, an ce ejan nan gunki gare shi a sito. Ina da saurin zuciya, wannan ban taɓa musu ba.

Ina da abokin aiki, ɗan zangon Kumasi, wanda muke haɗa kwantena idan kayan ɗayanmu bai cika ba. Mutum ne mai sanyin hali har yakan ba ni haushi. Na gaya masa zan rufe bangon gaba ɗaya.

"Alhaji, ka bari tsohuwa ya zo mu tambaye shi," in ji shi, da Hausarsu ta zango da ba ta raba mace da namiji.

Na ce Mama ba ta da lafiya, ta yi wata biyu ba ta leƙo ba, kuma me za a tambaya? A garinmu ɗan hayar da ya gyara bango da kuɗinsa godiya ake yi masa. Ranar da ya tafi Nansha na sayo katakan filawud manya guda biyu da ƙusoshi. Har na yi abin da nake gani kirki ne: na fara lulluɓe zanen da leda mai kauri, irin wadda muke naɗe diloli, don kada katako ya goge shi. Mu da muka tashi a gidan ƙasa mun san idan kana son bango ya daɗe, rufe shi kake yi. Masu dako biyu suka riƙe mini, na hau tsani ina bugawa.

A ƙusa ta ƙarshe, ta sama, na ji wani abu ya ce ƙas. Sai na ji ya gangaro a bayan ledar ya tsaya. Na tsaya da guduma a hannu ina lissafin inda ƙusar take, na ga ba ta da nisa da kan tsohon. Masu dakon ba su ji ba, ko sun ji ba ruwansu. Na ƙarasa bugawa, na shafa farin fenti, ban gaya wa kowa ba. Jama'a suka zo suka yi ta yabawa, ana cewa yanzu wuri ya zama wuri.

Ba a yi wata guda ba wasu ma'aikata biyu suka shigo, mace da namiji, masu zagayen duba tsofaffin gine-gine. Suka gaishe ni da ladabi. Matar ta nufi ƙurya, ta dubi takardar hannunta, ta dubi farin katako, ta nuna shi da yatsa tana tambaya. Ni kuma da ɗan Sinancin kasuwa na ce mata, "Meyo," wato babu. Ban san me ya sa na faɗi haka ba, kalmar da ta fi kusa da bakina ke nan. Fuskarta ta canja nan take. Sai da na kira 'yar Mama a waya ta yi musu bayani cewa rufewa aka yi, ba a kankare ba. Suka ɗauki hotuna, suka bar mini takarda.

Na kai takardar wurin wata lauya da ke yi wa 'yan kasuwarmu aiki, mace mai gajeren gashi da gajeriyar magana. Ita ta fara gaya mini ma'anar allon ƙarfen da ke ƙofata. Gidan yana cikin gine-ginen tarihi da hukuma ta killace. Akwai jerin abubuwan da aka rubuta a kansa waɗanda ba a taɓawa, ba a rufewa, ba a canjawa sai da izini, kuma zanen nan yana ciki. Ta ce mai gida ake fara kamawa da alhaki, sannan wanda ya yi aikin.

"To idan na nemi izinin yanzu fa?"

"Kana iya nema. Ba na jin za su ba ka."

"Idan sun hana ni amfani da bangon da nake haya, wa zai biya ni diyya?"

Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce hana izini ba ya jawo diyya. Diyya tana zuwa ne idan aka tabbatar hukuma ta saɓa doka har ta jawo wa mutum asara, ni kuwa ni na buga ƙusa. Abin da ke akwai shi ne tallafin gyara, na mai gida ne da ke kula da gininsa, wanda ya ɓata kuma shi ke ɗaukar nauyin maidowa. Shawararta ɗaya ce: in kira masu aikin su cire katakon a wannan makon, in ba da haƙuri, magana ta mutu.

Na ce a rubuta neman izini.

Zan faɗi gaskiya a nan, tun da ba wanda ya tilasta mini rubuta wannan. Ba salla nake karewa ba. Labule ma ya ishe mu salla, kuma na san haka. Tsoron ƙas ɗin nan nake yi. Muddin katako yana jikin bango, ba wanda ya san na fasa komai, har ni kaina ban tabbata ba. Amma a gaban mutane sai na riƙa ɗaga murya ina maganar haƙƙinmu da addininmu, har wasu suna cewa Alhaji namiji ne, bai yarda a taka mu ba. Borin kunya ne kawai, na kuwa iya shi.

Amsa ta zo kamar yadda lauya ta faɗa. An ƙi ba da izini, an kuma umarce ni in cire. A ƙasan takardar an rubuta cewa wanda bai gamsu ba yana da kwana sittin ya ɗaukaka ƙara zuwa hukumar da ke sama, bayan nan kuma akwai kotu. Ban taɓa jin daɗin wata lamba kamar sittin ɗin nan ba.

A cikin kwanakin ne Mama ta zo, karo na farko tun ciwonta, ta ƙara ramewa, 'yarta na riƙe da ita. Ba ta kawo lemo ba. Ta ratsa diloli ta tsaya gaban farin katakon, ta ɗora tafin hannunta a kai, daidai inda tsohon yake. Ta daɗe a haka. Sannan ta yi magana a hankali, 'yar ta fassara mini.

"Lauban, ta ce in gaya maka wane ne a ciki. Kakanta ne, wanda ya gina gidan nan, shi ya rene ta. Maginin da ya yi aikin abokinsa ne, ya zaunar da shi ya kwaikwayi fuskarsa. Ba mu da hotonsa ko ɗaya. Idan ta zo nan, gaishe shi take zuwa yi."

Mama ta ƙara magana, 'yar ta ci gaba.

"Ta ce ba ta yi fushi ba. Ta san ba ka sani ba. Ka cire kawai, idan labule kuke so ita za ta ɗinka muku mai kyau."

Da ina da rabon kirki, a nan zan ce, Mama, na ji wani abu ya karye. Kalma shida ce ko bakwai. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ki gaya wa Mama ta yi haƙuri, magana tana hannun lauya. Doka ta ba ni kwana sittin." 'Yar ta dube ni sosai kafin ta fassara. Mama ta gyaɗa kai, ta ce she-she, wato na gode, suka tafi. Har yau idan na tuna godiyar nan sai in ji kamar in nutse.

Na bar kwanakin suka yi ta tafiya, sai da suka kusa ƙarewa na ce a shigar da ƙara. Lauya ta gargaɗe ni cewa ɗaukaka ƙara ba ta dakatar da umarni da kanta, sai an roƙa an kuma amince. Na ce a roƙa. Aka rubuta cewa katakon bai taɓa zanen ba, akwai kariya a tsakani, babu wata cutarwa idan aka jira hukunci. Lauya ta tura mini takardar ta ce, "Ka tabbata da wannan?" Na murje ido na sa hannu. Aka amince a jira.

Daga nan barcina ya lalace, cin abinci ya zama aiki. Duk wanda ya shigo sito da takarda a hannu sai gabana ya faɗi, ko da mai kawo rasit ne. Ina cikin ƙirga katan sai in tsinci kaina ina kallon ƙusar nan ta sama. Nakan gaya wa kaina wataƙila ganye ne ya karye. Can kuma in ce a'a, nauyin abin da na ji ya fi ganye, hanci ne, ko kunne.

Sai yanayi ya juya. Idan sanyi ya ƙare a Guangzhou akwai wasu makonni da iska ke tasowa daga teku, gari ya jiƙe ba tare da an yi ruwa ba. Tayil ya yi santsi, gilashi ya yi hazo, bango ya riƙa gumi har yana ɗiga. Maƙwabcina mai sayar da busasshen ganyen magani ya rufe ƙofofinsa ruf, ya yi mini nuni in rufe nawa. Na ga fumfuna ta fara kama wandunan wani Alhaji, nan da nan na sa aka janye diloli daga jikin bango, aka ɗora su kan katakai, aka kwance ledojinsu don su sha iska, na sayo fanka biyu. Duba fa, na san in yi wa wandon jins wannan gatan. Ban yi tunanin bangon da na naɗe da hannuna ba.

Wari ne ya fara, irin na rijiyar da aka daɗe ba a ja ba. Sai baƙin tabo ya fito a gindin farin fentin. Sannan wata azahar ina sujada, goshina kusa da katakon, na ji wani abu yana zuba a ciki, sur-sur, kamar ana zazzage gari daga buhu. Na rasa raka'a ta nawa muke. Bayan an sallame na dubi mutane, ba wanda ya nuna ya ji.

Ɗan Kumasi ne ya tsaya bayan kowa ya watse. Ya durƙusa ya shinshina gindin katakon, ya danna shi da yatsa.

"Alhaji, me ka sa a ciki?"

"Leda. Don kada ya goge."

Ya miƙe tsaye a hankali. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Leda? Wallahi Alhaji ka kashe shi. Mu garin ruwa muka fito, ba a rufe bango da leda. Bango yana shan ruwa yana fitarwa. Ka toshe shi, ina ruwan zai tafi?"

Nan na gaya masa komai, har da ƙas ɗin. Ya ce mu ɗauko guduma yanzu-yanzu. Na ce saura kwana kaɗan a yanke hukunci, kuma na sa hannu cewa ba abin da ya taɓa zanen, idan na buɗe da kaina aka ga ɓarna za a ce ni na yi ta da gangan. Ya ce to mu kira ma'aikatan yau mu gaya musu. Na ce gobe. Goben ta zama jibi. Ya daina yi mini maganar, ya kuma daina salla a sitona, sai ya taka har wani wuri. Wannan ya fi mini zafi fiye da a ce zagina ya yi.

Hukunci ya fito, an kori ƙarata, umarni yana nan. Lauya ta ce akwai sauran kotu, amma ita ba za ta raka ni ba. Ni ma ƙarfina ya ƙare. Aka sa ranar buɗewa.

Da hantsi suka zo: ma'aikatan nan biyu, da wani dattijon magini da ya ƙware a irin wannan aikin, da Mama da 'yarta. Ɗan Kumasi ma ya zo ya tsaya kusa da ni. An kawo wa Mama kujera ta ƙi zama. Maginin ya riƙa zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana jera su a ƙasa. Aka sauke katako na farko, bayansa baƙi ƙirin. Ledar ta manne da bango, ruwa kwance a cikinta. Ya kama gefenta da yatsu biyu ya fara ɗagawa, ya tsaya, ya faɗi wata kalma, ya ci gaba don ba yadda zai yi.

Bishiyar tana nan, duk da ta yi baƙi. Tsuntsu ɗaya yana nan. Jikin tsohon da butarsa sun kumbura amma suna riƙe. Fuskar ce ta biyo ledar. Ta taho a jikinta kamar jiƙaƙƙen gari, ta zame ta faɗi ƙasa, ba hanci ba ido. Inda take a da sai tubali.

Maginin ya tsuguna yana tona abin da ya taru a gindin bango, ya ɗago wani ɗan guntu busasshe, bai kai babban yatsa ba. Wutsiyar tsuntsu ce. Ya gwada ta a gurbinta kusa da ramin ƙusata ta sama, ta zauna daram. Ya yi wa 'yar Mama magana, na matsa mata sai ta gaya mini me ya ce.

"Ya ce wannan ƙusa ce ta karya shi, kuma ba komai ba ne, da safiya ɗaya zai manne shi. Sauran duk laima ce. Ya ce da an buɗe kafin iskar teku ta juyo, da ba abin da ya same shi."

Na yi wata da watanni ina ɓoye wutsiyar tsuntsu. Na zauna kan dila. Mama ba ta yi kuka ba, ba ta dube ni ba. Ta sunkuya da ƙyar, ta sa hannu ta ɗebi farar ƙasar nan da ta faɗi, ta ƙulle a hankicinta.

An ci ni tara, an ɗora mini nauyin gyara, ban yi gardama ba, ban kuma tambayi kwana nawa doka ta ba ni ba. Maginin ya ce zai iya maido da duk abin da aka nuna masa shaidarsa. Ƙa'idar aikinsu ke nan, ba sa ƙirƙiro abin da ba su da tabbacin kamanninsa. Hoton da ke fayil ɗin hukuma daga bakin ƙofa aka ɗauke shi, ana ganin bishiya da mutum zaune, amma fuskar ɗigo ce kawai. Su Mama kuma ba su taɓa ɗauka ba. 'Yar ta ce, wa ke ɗaukar hoton bangon gidansu?

Sai na tuna sana'ata. Ba dilar da ke shiga sitona ban ɗauke ta hoto na tura wa mai ita ba. Na zauna na bi wayata tun daga ranar da na kama wurin. Na aika wa duk wanda ya taɓa ajiye kaya a wurina, na Kano da na Maraɗi da na Kumasi, na ce don Allah su duba nasu. Mutane suka yi ƙoƙari, hotuna suka yi ta shigowa. A bayan diloli muka samo reshe, muka samo tsuntsu na biyu, muka samo hannun da ke riƙe da buta, har da gefen kafaɗa. Na kai wa maginin yana murna yana haɗawa. Fuskar ce babu. A kowane hoto akwai dila a gabanta ko labule, kuma ni na sa a jera su haka. Na gwada kwatanta masa da baki, ina cewa kumatu kaza, murmushi ya karkata haka. Mama ma ta gwada. Ya saurare mu duka, ya girgiza kai, ya ce meyo.

Na koma wurin lauya na tambaye ta wace diyya doka ta tanadar wa Mama a kan fuskar. Ta ce doka ta san kuɗin gyara, kuma na riga na ɗauka. Na ce ba shi nake nufi ba. Ta ce ta gane abin da nake nufi, babu shi a takarda.

Aikin ya ɗauki makonni. Da aka sauke katakan da maginin ke hawa, bishiya ta dawo, tsuntsaye biyu sun dawo, wutsiya ta koma wurinta. Tsohon yana zaune da butarsa. A inda fuskarsa take an shafe sumul, fari fat kamar ƙwai.

Mama ta zo ganin aikin daf da la'asar, mutane sun fara taruwa suna alwala a baya. Na shirya maganganu da yawa na ban haƙuri, har na roƙi 'yar ta fassara su daidai. Mama ta saurara har na gama. Ta je ta tsaya gaban bangon, ba ta daɗe kamar da ba. Ta juyo ta dubi kwalayen da ake shimfiɗawa, ta faɗi wata gajeriyar magana. 'Yar ba ta fassara ba. Na ce ta gaya mini. Ta ce ba sai na ji ba. Na ce don Allah.

"Ta ce yanzu ba mai kallonku. Ku yi sallarku."

Na nemi gatse a fuskar Mama ban samu ba. Da gaske take, izini take ba mu. Ta kama hannun 'yarta suka fita a hankali, sandarta tana ƙwanƙwasa tayil.

Aka tayar da iƙama, aka ce Alhaji shiga gaba, kai ne mai wuri. Na ce wani ya ja. Na koma sahun ƙarshe, can bakin ƙofa, inda bayan mutane ke tare mini bangon.